Garin da Aka Ɗaga da Jak

Galveston gari ne a kan tsibiri, amma kada mai karatu ya kawo dutse ko tsauni a ransa. Tulin yashi ne da teku ya tara a gefen jihar Teksas ta Amurka, tsawonsa wajen mil 27, faɗinsa kuwa bai wuce mil uku ba a inda ya fi faɗi. Gabansa Tekun Meksiko ne, bayansa kuma wani shimfiɗaɗɗen ruwa marar zurfi da ya raba shi da tudu. A shekarar 1900, wurin da ya fi ko'ina tudu a garin ya ɗara teku da ƙafa 8.7 kacal. Ni safiyo ne, awon ƙasa shi ne abincina tun ina Kano har Allah ya jefo ni Houston, don haka idan na duba tarihin garin nan, tsayi da gangare nake fara gani kafin komai.

Mutanen farko da suka san tsibirin, Karankawa da Akokisa, ba su kafa masa gini ba. Sukan zo su ci kifi a lokacinsa, su koma tudu in lokacin farauta ya yi. Turawan farko da suka taka shi, ko wani tsibiri da ke maƙwabtaka da shi, ruwa ne ya watso su gaɓa a watan Nuwamba na 1528: ragowar ayarin Sifaniyawa da Cabeza de Vaca yake ciki, har da wani bawa ɗan Maroko da ake kira Estevanico. A 1817 ɗan fashin teku Jean Lafitte ya kafa sansani a wurin, yana tare jiragen Sifaniyawa yana sayar da bayin da ya samu a cikinsu. Da shekara ta zagayo guguwa ta share masa sansanin, ya sake ginawa.

Abin da ya sa ake nacin wurin shi ne mafakar jiragen ruwa da ke bayan tsibirin, wadda babu kamarta a duk gaɓar Teksas. An yi wa garin takardar zama birni a 1839, auduga kuma ta mayar da shi attajiri, audugar da bayi suka noma. A nan ne Janar Gordon Granger ya ba da sanarwar 'yanta bayin Teksas ranar 19 ga Yuni, 1865, fiye da shekara biyu bayan shugaba Lincoln ya sa hannu a takardar 'yanta bayi. Zuwa 1900 garin yana da mutum kusan 38,000, da bankuna jere a titin Strand, da wutar lantarki, da tarho, da manyan gidajen attajirai a titin Broadway. Houston a lokacin ƙanwa ce a harkar jiragen ruwa.

Ba kuma za a ce ba a gargaɗe su ba. A kudu maso yamma, a gaɓa ɗaya da su, akwai wani garin tashar jiragen ruwa mai suna Indianola, wanda yake gogayya da Galveston a kasuwanci. Guguwa ta buge shi a 1875, aka sake gini. Ta dawo a 1886, gobara ta biyo baya, mutane suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka bar wa ruwa wurin. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta a gaban idonsu. An yi taro a Galveston, an kawo shawarar gina katanga a bakin teku, maganar ta bi ruwa. Maimakon haka ma, tuddan yashin da ke bakin teku, 'yar kariyar da Allah ya yi wa tsibirin, su aka riƙa kwasa ana cike kwarurrukan cikin gari don a samu filin gini. A 1891 shugaban ofishin hasashen yanayi na garin, Isaac Cline, ya yi rubutu a jaridar garin yana nuna cewa yadda gaɓar take, babu guguwar da za ta iya yi wa Galveston mummunar ɓarna. Ana yawan yi masa dariya yanzu. Ni ba na yi. Mutum ne mai ƙwazo, yana da lissafi da na'urori, kuma na san yadda takardar awo take sa mai ita ya ji kamar ya kama gaskiya a hannu. Abin da ya faɗa shi ne abin da masu kuɗin garin suke son ji, shi ya sa ba wanda ya tsananta bincike.

A nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Hadarin da ke tasowa daga gabas da damina, ya zubar a Maiduguri, ya zubar a Kano da Damagaram da Sakkwato, tafiyarsa ba a wurinmu take ƙarewa ba. Yana cikin wani kaɗawar iska da ke ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana uku zuwa biyar, har ya fita teku ta wajen Senegal. Mafi yawa sukan mutu a tsakiyar Atlantika. Kaɗan sukan tarar da ruwa mai ɗumi, su fara juyawa, su yi ƙarfi, kuma daga cikinsu ne yawancin manyan guguwoyin da ke afka wa Amurka da tsibiran Karebiyan suke fitowa. Ana kyautata zaton guguwar da ta afka wa Galveston a 1900 ma haka ta faro.

Da ta ratsa Kyuba a farkon Satumba ba ta yi wani ƙarfi ba. Masanan Kyuba, musamman limaman cocin da ke kula da cibiyar Belén a Havana, sun daɗe suna nazarin guguwa tun zamanin Fada Benito Viñes, kuma sun ga alamun za ta miƙe ta tsallaka Tekun Meksiko. Sai dai Kyuba tana hannun sojan Amurka tun bayan yaƙin 1898, kuma hukumar yanayi ta Amurka ƙarƙashin Willis Moore ta raina su, har ta sa aka hana gargaɗinsu bin wayar tangaraho. Hukumar ta ce guguwar za ta karkata ta wajen Florida ta yi arewa. Ba ta karkata ba.

Ranar Asabar 8 ga Satumba aka wayi gari da ruwa a titunan da ke kusa da teku. Mutanen garin sun saba da haka, yara suna ta wasa a ciki, manya suna zuwa bakin teku kallon igiyar ruwa. Abin da nake so a riƙe shi ne wannan: iskar da ta fara kaɗawa daga arewa take, ta turo ruwan bayan tsibirin ya shigo gari ta baya, a daidai lokacin da teku yake hawowa ta gaba. Wajen la'asar ruwan biyu suka haɗu a tsakiyar gari. Gadojin da ke kai mutum tudu sun riga sun nutse. Na'urar auna iska ta nuna gudun mil 100 a awa, sannan iskar ta tafi da ita. Bayan wata gobara da aka yi a 1885 an sa dokar yin rufi da fale-falen dutse, a daren nan su ne suka riƙa tashi suna yanka mutane. Cline ya rubuta cewa wajen bakwai da rabi na dare ruwa ya ƙaru da ƙafa huɗu a cikin daƙiƙa huɗu. Gidajen layin farko suka karye, igiyar ruwa ta ɗauki katakonsu ta riƙa dukan na layi na biyu da shi, haka har tarkacen ya taru ya zama tudu mai tsayin bene, tsawon wajen mil uku, ya tokare. Wannan tudun tarkace ne ya tsirar da abin da ya rage na garin.

Mutum kusan 50 ne suka fake a gidan Cline, 18 suka tsira. Matarsa tana da ciki, ta rasu. 'Ya'yansa mata uku suka rayu. A gidan marayu na St. Mary's da ke bakin teku akwai sistoci 10 da yara 93. Sistocin suka yanka igiyar shanya, kowace ta ɗaure yara a ƙugunta don kada ruwa ya raba su. Yara maza uku ne kawai suka fita. An riƙa tono gawar sista a cikin yashi, a bi igiya a tarar da yaran a jere.

Ruwan ya kai sama da ƙafa 15. Gidaje fiye da 3,600 suka rushe. Waɗanda suka mutu tsakanin 6,000 ne zuwa 12,000, an fi ambaton 8,000, kuma har yau babu wani bala'in iska ko ruwa ko girgizar ƙasa da ya ci rai haka a tarihin Amurka.

Ƙasar ta jiƙe, ba ta haƙuwa, ga zafin Satumba. Aka yanke shawarar kai gawarwaki teku. Aikin ba mai so, sai aka tattaro baƙaƙen fata wajen 50 da bakin bindiga, ana ɗura musu giya don su iya jurewa, suka loda gawa kusan 700 a jirgin dako, aka yi nisa da su aka zubar. Ba a daɗe ba teku ya dawo da su gaɓa. Daga nan aka koma ƙonewa a duk inda aka tarar da gawa, wuta tana ci har cikin Nuwamba. A makonnin nan jaridun wasu garuruwa suka cika da labaran wai baƙaƙen fata suna yanke yatsun matattu don zobe, labaran da masana tarihi suka nuna yawancinsu ƙari ne ko ƙage. Mutanen da aka tilasta wa ɗaukar gawa su aka wayi gari ana kira ɓarayin gawa. Clara Barton ta ƙungiyar Red Cross ta zo tana da shekara 78, ta yi aikin agajinta na ƙarshe a fage a nan.

Indianola ta tashi, Galveston ta ƙi. Attajiran tashar jiragen ruwa, irin su I. H. Kempner, suka ce majalisar garin ba za ta iya wannan aiki ba, suka rubuta sabon tsari, a 1901 aka miƙa mulkin gari ga kwamishinoni biyar, kowa da sashen da yake riƙe. Tsarin ya yi aiki, garin ya samu bashi, ɗaruruwan biranen Amurka suka kwaikwaya. Amma a da unguwa-unguwa ake zaɓen wakilai, har baƙar fata irin Norris Wright Cuney ya taɓa zama a majalisar. Da aka mayar da zaɓe na gari baki ɗaya, sannan Teksas ta sa harajin jefa ƙuri'a a 1902, wannan ƙofa ta rufe. Duk shawarar da za a yanke kan wa za a kare da kuma yadda za a kare shi, a ɗakin da ba su ciki aka yanke ta.

Injiniyoyi uku aka ɗauko: Henry Martyn Robert, tsohon janar ɗin soja wanda aka fi sani da littafinsa na ƙa'idojin gudanar da taro, da Alfred Noble, da H. C. Ripley. Shawararsu biyu ce. Ta farko ganuwa ta kankare a bakin teku, tsayi ƙafa 17, kaurin gindi ƙafa 16, fuskarta a lanƙwashe don ta mayar da igiyar ruwa sama, an dasa ta a kan turakun katako, an jibge manyan duwatsu a gabanta. An fara a 1902, aka gama kashin farko mai tsawon mil uku da 'yan kai a 1904. An ci gaba da ƙara ta har 1963, yanzu ta haura mil 10. Ita ake ɗauka a hoto, ita baƙi suke yawo a kai.

Shawara ta biyu ita ce ta fi burge ni, kuma ba a ganinta sai an san inda za a duba. Cewa suka yi a ɗaga garin kansa. Aka haƙa hanyar ruwa mai faɗin ƙafa 200 da zurfin ƙafa 20 ta ratsa cikin unguwanni, aka janye gidajen da ke kan hanyar zuwa gefe, don jiragen yasa su shigo har tsakiyar gari. Sai a keɓe unguwa, a kewaye ta da jinga. A shiga ƙarƙashin kowane gida da jak irin na murɗawa da hannu, mutane a jere, kowa ya murɗa nasa daidai da na ɗan'uwansa, gida ya tashi kaɗan-kaɗan har ya kai tsayin da aka ƙayyade, a tokare shi da turaku. A ɗaga bututun ruwa da na gas da layin jirgin cikin gari. Sannan jirgin yasa ya kwaso yashi da laka daga bakin tasha, ya turo su ta ƙaton bututu, ruwa ya tsiyaye, yashi ya zauna. Wani wurin cikon ƙafa ɗaya ne ko biyu, wani wurin ya haura goma. Mutane ba su bar gidajensu ba. Sun yi shekaru suna bin siraran gadojin katako a sama da taɓo mai wari, su je kasuwa, su je makaranta, su kai gawa. Cocin St. Patrick's, mai nauyin tan 3,000, an ɗaga shi ƙafa biyar da jak 700, kuma ba a fasa ibada a ciki ba. Kafin a gama wajen 1911 an ɗaga gine-gine fiye da 2,000 a rukunin gidaje kusan 500, an zuba yashi sama da yadi miliyan 15 na awon ciko.

Yashin hukuma ce ta biya, amma ɗaga gida mai gida ne yake biya. Wanda gidansa na bulo ne mai nauyi, ko ba shi da hali, sai ya huda daɓen ƙasa ya bar laka ta cike hawan farko, ya koma sama. Shi ya sa in ka tsaya a gaban gidan Ashton Villa a Broadway za ka ga shingen ƙarfe gajere da bai dace da girman gidan ba. Sauransa yana cikin ƙasa. Na sha shiga ƙarƙashin tsofaffin gidaje da tocila da sandar awo in tarar da saman taga a daidai gwiwata, ko baka ta ƙofa da yashi ya cike. A maƙabartar Broadway ma akwai ɗakunan kaburbura da rufinsu kawai ya rage a waje.

Laka mai gishiri ta kashe duk wani tsiro da guguwa ta bari. Matan garin, ƙarƙashin wata ƙungiyar kula da lafiya da suka kafa a 1901, su suka ɗauki aikin sake binne gawarwakin da aka tura a ramuka barkatai, su kuma suka sa aka kawo baƙar ƙasa daga tudu aka dasa dubban itatuwan oak da furanni a tituna. A 1915 wata guguwa mai ƙarfi kusan irin na ta 1900 ta zo. Ganuwa ta tsaya. Waɗanda suka mutu a duk tsibirin ba su kai 100 ba. Injiniyoyin sun yi gaskiya, babu mai ƙwace musu wannan. Sai dai guguwar ta tafi da faffaɗan rairayin da ke gaban ganuwar, kuma arziki ya riga ya canza hanya: an samu man fetur a Spindletop a 1901, Houston ta yashe hanyar ruwanta ta buɗe wa manyan jirage a 1914, masu zuba jari suka gwammace tudu. Galveston ta koma cin abinci da baƙi masu shaƙatawa, da caca da giya a hannun wasu 'yan'uwa da ake kira Maceo, har hukumar jiha ta rufe gidajen cacar a 1957.

Akwai wani abu a zanen injiniyoyin da kowane safiyo zai lura da shi. Sun sa ƙasar ta gangara daga ganuwa zuwa ruwan baya, ƙafa ɗaya a duk ƙafa 1,500, don ruwan sama da wanda ya tsallako ganuwa ya samu hanyar fita. Dabara ce mai kyau. Amma ma'anarta ita ce bayan garin ya zauna a ƙasa, kuma a buɗe. Titin Strand ba a ɗaga shi ba. Unguwannin arewa da Broadway, inda ma'aikatan tasha da yawancin baƙaƙen fata suke, ɗan abin da suka samu kaɗan ne. Bakano ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani: ganuwar da ta tsare gabas ta bar yamma a buɗe, mahara ba sai sun nemi ƙofa ba. Kuma ruwan 1900 ta baya ya fara shigowa.

An yi shekara fiye da ɗari kafin a biya wannan bashi gaba ɗaya. Guguwar Ike ta baro gaɓar Afirka ta Yamma ranar 28 ga Agusta, 2008, tauraron ɗan'adam yana kallonta, ta sauka a Galveston wajen ƙarfe biyun dare ranar 13 ga Satumba. Iskarta ba ta kai ta 1900 ba, amma faɗi gare ta, ta turo ruwa tun kwana guda kafin ta iso. Hukumar yanayi ta yi gargaɗi da kakkausar murya cewa wanda ya zauna a ƙaramin gida a bakin gaɓa mutuwa zai yi. Duk da haka dubbai suka ƙi fita, kuma ban ga laifinsu sosai ba. Shekara uku kafin nan, da aka ce guguwar Rita tana zuwa, miliyoyin mutane suka hau hanya lokaci guda, motoci suka cushe cikin zafi, mai ya ƙare, mutum fiye da 100 suka mutu a wajen gudun, guguwar kuma ta kauce ta sauka a gabas. Ina cikin wannan cunkoso da iyalina. Wanda ya ɗanɗana shi, in aka sake ce masa ya fita sai ya yi tunani.

Ganuwa ta sake tsayawa. Ruwan ya zagaya ya cika bayan tsibirin, ya hawo gangaren nan ta baya. Kusan kashi uku cikin huɗu na gidajen garin ruwa ya shiga.

An bar mutane su koma ranar 24 ga Satumba, mu kuma aikinmu ya biyo baya, domin kamfanonin inshora da ofishin ba da izinin gini duk takarda ɗaya suke nema: tsayin daɓen gida daga teku. Abin da ya fara tarar mutum wari ne. Kowane gida ya fitar da cikinsa bakin titi: katifu, kujeru, littattafai da suka kumbura, allunan bango da aka ɓamɓare. Firji kuwa a naɗe da salatif aka jera su, domin wanda ya kuskura ya buɗe nasa bayan kwanaki babu wuta ba ya marmarin sake buɗe wani. A kowane bango akwai layi baƙi-baƙi na laka da mai da ciyawa, miƙaƙƙe sosai, ya fi duk layin da zan iya ja da na'urata daidaito. A titin Strand ya wuce kaina.

Dokar ita ce, in ɓarnar gida ta haura rabin darajarsa, ba za a ba ka izinin gyara ba sai ka ɗaga shi zuwa tsayin da taswirar ambaliya ta nuna. Na auna gidan wata tsohuwa a arewa da Broadway, ɗan ƙaramin gidan katako da ta ce ta gada daga kakarta. Tana zaune a kujerar roba a tsakar gida tana kallona har na naɗe kayan aiki.

Na ce, "Mama, sannu da wannan abu. Allah ya mayar da alheri."

Ta ce, "Yauwa ɗana. Ƙafa nawa ya rage mini?"

"Biyar da rabi, Mama."

Ta jinjina kai. "Kakata ta ga lokacin da aka ɗaga na masu kuɗi. To ni wa zai ɗaga mini?"

Ba ni da amsa, kuma ba aikina ba ne in bayar. Na sa hannu a takarda na ba ta. Gidajen gwamnati na marasa ƙarfi 569 aka rushe bayan Ike, kusan duk a wannan ɓangare, kuma sake gina su ya zama rigimar siyasa, har aka ci zaɓen magajin gari a 2012 da alƙawarin hana ginin, sai da gwamnatin tarayya ta yi barazanar riƙe kuɗin agaji. An shafe fiye da shekara goma ana ja. Da yawa daga mazauna gidajen sun riga sun kama zama a tudu, ba su dawo ba.

Itatuwan ba su faɗi ba, a tsaye suka mutu. Ruwan gishiri ya kwanta a saiwoyinsu, fari kuma ya biyo baya bai bari ruwan sama ya wanke ƙasar ba. Ganye ya ƙone, aka jira bazara ko za su toho, shiru. Wajen 40,000 aka rasa, cikinsu har da oak ɗin da matan nan suka dasa a kan sabon yashi. Wasu masu gidaje suka hana a tumɓuke kututturan, suka kira masassaƙa da zarto mai inji suka mayar da su siffar kare, da tsuntsayen ruwa, da kifaye. Baƙi suna bin taswira suna ɗaukar hoto. Aikin yana da kyau, amma ni duk sanda na bi titunan da rana tsaka inuwar nake nema.

A kwanakin da suka biyo bayan Ike na kira kawuna a gida, manomi ne, don ya ji a rediyo ya damu. Bayan gaisuwa ya ce, "Kai ɗan nan, me ya zaunar da mutane a tsakiyar ruwa?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, abinci ne. Can aikinsu yake, can kaburburan iyayensu suke." Ya ce ai ya gane, ko mutanen fadama in ruwa ya ci gari ana janyewa suke komawa. Da na gaya masa daga wajenmu iskar ta taso, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Bana kuwa mun sha ruwa a Agusta, gero ya yi kyau. Ashe abin da ya gyara mana gona shi ya je ya rushe musu gida. Ikon Allah."

Ban yarda da masu cewa Galveston ta ci teku da yaƙi ba, ban kuma yarda da masu cewa wauta ce zama a wurin ba. Lokaci suka saya, kuma ba su gama biya ba. Rairayin da ke gaban ganuwa ba ya zama da kansa, sai an riƙa turo yashi da bututu ana sake shimfiɗa shi duk bayan 'yan shekaru, teku yana kwashewa. Ma'aunin ruwa da ke tashar jiragen garin, wanda yake aiki tun farkon ƙarnin jiya, ya nuna teku ya hau fiye da ƙafa biyu a shekara ɗari. Wani kaso na wannan hawan teku ne, wani kason kuma ƙasar ce take nutsewa, saboda ruwa da mai da aka yi ta zuƙowa daga ƙarƙashinta. A sana'armu akwai 'yan faranta na tagulla da gwamnati take kafawa a kankare, kowane da tsayinsa a rubuce a littafi, daga kansu muke fara kowane awo. A yankin Houston da Galveston ba ka isa ka amince da lambar tsohon littafi ba, domin farantin ya nutse tare da ƙasar da ke riƙe da shi. Unguwar Brownwood a Baytown, can ƙuryar ruwan baya, ta nutse wajen ƙafa tara, guguwar Alicia ta ƙarasa ta a 1983, hukuma ta saye gidajen ta rushe. Yanzu wurin kallon tsuntsaye ne, kuma ba wanda ambaliya ta sake kashewa a cikin barci a can.

Bayan Ike, wani malamin jami'a a Galveston, William Merrell, ya kawo shawarar a yi irin abin da mutanen Holan suka yi: a toshe bakin ruwan baya da manyan ƙofofi da za a rufe in guguwa ta taso. Hukumar injiniyoyin sojan Amurka ta faɗaɗa shirin, ta ƙara da katangar da za ta kewaye bayan birnin, wato ɓangaren da aka bari a buɗe tun 1904. Majalisar dokokin Amurka ta amince a ƙarshen 2022, a kan kuɗi sama da dala biliyan 30, kuma ƙiyasin da ya biyo baya ya haura 50. Masunta da masu kare muhalli suna tsoron ƙofofin za su canza shige da ficen ruwa su taɓa kifi da jatan lande. Masu matatun mai na Houston su suka fi kowa son a yi, don su ne ke da dukiya mafi yawa a bayan ƙofofin. Da za a tambaye ni, katangar bayan gari da kuɗin ɗaga ƙananan gidaje zan sa a gaba, domin su ne masu araha, su ne kuma za su kai ga irin tsohuwar nan. Amincewar majalisa dai ba ita ce sakin kuɗi ba. Lokacin da guguwar Beryl ta sauka kusa da Matagorda a watan Yuli na 2024, ta ɗauke wa gidaje da shaguna fiye da miliyan biyu wuta a yankin Houston, ba a kafa ko turke ɗaya na ƙofofin ba, ana kan zane.